Daren Gagarawa Dukiya Ne, Ku Fito Mu Ɗiba

Jama'ar Gagarawa Tasha, da ku mutanen Gumel ta Lautai, da na Maigatari da Sule Tankarkar, ku ba ni aron hankalinku. Maganar dare zan yi.

Mun daɗe muna tsine wa duhu, kuma da gaskiyarmu. Wanda ya taɓa riƙe wa ungozoma tocila, ko ya ga ɗansa yana bitar jarrabawa da hasken waya, ba zai yi wa rashin wuta kirari ba. Ni ma ba shi ya kawo ni ba. Wuta haƙƙinmu ce, a kawo mana ita. Amma kafin ta iso, akwai wata dukiya rataye bisa kanmu kowane dare, wadda mutanen Landan da Faris ke biyan kuɗin jirgi su tafi hamadar Namibiya ko ta Cile don su ganta, mu kuwa sai mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta mu kama minshari. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Wani daren Nuwamba, bayan an yanke gero an ɗaure dammuna, na aro kyamara wurin wani abokina mai ɗaukar hoton biki, haɗe da mazauninta mai ƙafa uku. Na tsallaka layin dogo, na yi ta tafiya har fitilun masu shayi suka ɓace a bayana, na kafa kayana a wata gona da ba abin da ya rage cikinta sai kututturen kara. Hotuna hamsin na farko duk banza suka tashi, don ban daidaita gilashin da kyau ba, taurarin suka fito ɓulɓul kamar ƙosai. Ina cikin gyara sai ga hasken tocila dal a fuskata.

"Kai wane ne? Me kake aunawa a gonar mutane da tsakar dare?"

Wani dattijo ne cikin masu sintiri, da gorarsa a kafaɗa. Ya ga ƙafa uku, ya ɗauka masu awon fili ne suka fara zuwa a ɓoye.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Ba ƙasa nake aunawa ba, sama nake ɗauka."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ita ma sayar da ita za a yi?"

Da ƙyar na roƙe shi ya kashe tocilar. Muka zauna kan kunya, na ce ya yi haƙuri idonsa ya saba. Bayan kamar minti ashirin na juya shi arewa, na sa ya ɗaga kai sosai, na nuna masa wani ɗan tabo fari-fari mai kama da ƙwayar shinkafa, wanda in ka dube shi kai tsaye sai ya ɓace, in ka ɗan kauda ido gefe sai ya dawo. Sannan na nuna masa shi a bayan kyamara, ya fito da tsakiya mai haske da gefe mai dishi-dishi.

Ya ce, "Ikon Allah. Ai ni na daɗe ina ganin wannan, ɗana. Na ɗauka yana ce ta fara kama mini ido."

Abin da Baba ya ɗauka yanar ido, shi ne Abdurrahman as-Sufi, masanin taurari na ƙasar Farisa, ya sa a littafinsa na siffofin taurari a shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan gajimare. Yau ana ce masa Andiromeda. Garke ne na taurari, irin wanda masana ke kira galaksi, kuma ana ƙiyasta taurarin cikinsa za su kai tiriliyan ɗaya. Ranarmu ma ɗaya ce a cikin wani garken. Farin layin nan da ke ratsa samaniya kamar hayaƙi, shi ne namu garken muke hangowa daga ciki, yadda makiyayin da ke tsaye tsakiyar shanu ba ya ganin fasalin garkensa sai tozo bayan tozo. In kana son ka ga yadda garke yake, sai ka hangi na maƙwabci daga nesa.

Nisan kuwa sai an zauna. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan, minti takwas da 'yan kai yake yi. Hasken da ya shiga idon Baba a daren nan ya baro Andiromeda shekara miliyan 2.5 da suka wuce, yana ta gudu bai tsaya ba, bai ci karo da komai ba, sai da ya zo gonar gero a bayan tasha. Da a cikin Kano muke, da fitilun gari sun haɗiye shi ko sallama bai yi ba.

A nan maganata take. A 2016 wasu masana sun fitar da taswirar hasken fitilu na duniya, suka nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na 'yan Adam ba sa iya ganin farin layin nan daga inda suke zaune. A Turai, mutum shida cikin goma. A Amurka ta Arewa, kusan takwas cikin goma. Akwai yaran da aka haifa suka yi gemu ba su taɓa ganin abin da ɗan kiwon akuyarmu ke gani kyauta ba. Cikin ƙasashen da taswirar ta nuna samaniyarsu ta fi tsarki har da Cadi, maƙwabciyarmu. Mai son ɗaukar hoton garke mai nisa yana iya sayen madubin hangen nesa, yana iya sayen kyamara, amma babu kantin da ake sayar da duhu.

Allah ya ƙara mana da wuri mai kyau. Muna zaune kimanin digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka samaniyar arewa tamu ce kusan duka, ta kudu ma mafi yawanta tamu ce. Akwai wani garke da ake kira Sentoras A, mai baƙar ɗamara ta ƙura a tsakiyarsa, nisansa kamar shekarun haske miliyan 12. Mutumin Landan ko zai shekara ɗari a kan soro ba zai gan shi ba, don ba ya fito masa sam. Mu a daren bazara yana hawa mana sama da digiri 30 ta kudu. Ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba bene, sai kuka da gawo jefi-jefi.

Wani zai ce, "To mun ji, amma wannan ai aikin masu manyan na'urori ne." Da haka ne. A 1888 wani ɗan kwangilar gine-gine a Ingila, Isaac Roberts, wanda kallon taurari sha'awa ce kawai a wurinsa, ya buɗe kyamara awa huɗu a bayan madubi mai faɗin inci 20 kafin ya samu hoton da ya nuna Andiromeda a naɗe yake kamar faifai. Sai a Oktoban 1923 Edwin Hubble, da madubi mai inci 100 a kan dutsen Wilson a Amurka, ya tsinci wani tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a cikin tabon, ya auna nisansa da ƙa'idar da wata mata, Henrietta Leavitt, ta gano, ya tabbatar wa duniya cewa tabon nan ba a cikin garkenmu yake ba. Farantin gilashin da suke ɗaukar hoto a kansa bai fi kama kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na hasken da ya faɗo masa ba. Idon kyamarar zamani yana kama fiye da rabi. Shi ya sa abin da ya ci wa Roberts dukiya da sanyin dare, yau madubi mai bakin kofin shayi yana kawo kwatankwacinsa.

Ga sirrin, kuma duk macen da ta taɓa tarar ruwan sama ta san shi. Idon mutum kwando ne: haske ya shiga ya wuce, ba ya taruwa. Kyamara randa ce. Ka buɗe bakinta ka bar ta a ƙarƙashin indararo, ɗigo-ɗigo har ta tara abin da ido ba zai taɓa gani ba. Matsalar ita ce duniya tana juyawa, digiri 15 a kowace awa, don haka in ka bar randar a buɗe da daɗewa taurarin sai su ja wutsiya su zama zare. Dabarar ita ce ka ɗauki gajerun hotuna da yawa, kowanne 'yan daƙiƙoƙi, ka jibga su kan juna a kwamfuta. Kowane hoto shi kaɗai cike yake da dusa-dusa, irin wadda zafi da wutar cikin kyamara ke haifarwa. Amma dusar ba ta da wurin zama, yanzu tana nan anjima tana can, shi kuwa hasken garken kullum wuri ɗaya yake sauka. In an haɗa, sai dusar ta sheƙe, tsabar ta zauna. Lissafinsa ma a bayyane yake: hoto 4 ya fi hoto ɗaya tsabta sau biyu, hoto 100 sau goma, hoto 400 sau ashirin. Kun ga ribar tana ja da baya yayin da wahalar ke ƙaruwa, kamar noman gonar da ta gaji, amma ba ta tsayawa.

A daren da nake ba ku labari na ɗauki hoto wajen ɗari uku, kowanne daƙiƙa biyu, ina ɗan juya kyamarar bayan kowane ashirin ko talatin don kada garken ya sulale daga gani. Daga ƙarshe na rufe bakin gilashin da murfinsa na ƙara talatin a cikin duhu, don kwamfuta ta san irin dattin da kyamarar ke yi da kanta ta cire shi. Baba ya ce wannan kam ya fi ƙarfinsa, mutum ya rufe kyamara yana ɗaukar hoto. Washegari na zuba su a wata manhaja da ake kira Siril, kyauta ake sauke ta, haka ma DeepSkyStacker. Tsohuwar kwamfutata ta yi nishi kusan awa guda. Da ta gama, allon baƙi ƙirin, sai 'yan ɗigo. Na ja ma'aunin haske a hankali, sai ga shi yana tasowa daga cikin baƙin, dogon faifai a karkace, da siririn layin ƙura a gefensa, da wasu ƙananan garkuna biyu manne da shi kamar maruƙa a gindin uwa. Tsawonsa a samaniya ya kai cikakken wata shida a jere, idonmu ne kawai ba ya kama gefunan. Na daɗe zaune, shayina ya huce ban sani ba.

Yanzu maganar kuɗi, don na san nan kowa ya kasa kunne.

Wanda ba shi da komai sai waya, ya fara da ita. Yawancin wayoyin yanzu suna da wurin da mutum ke saita kyamara da hannunsa. Ka jingina ta da bulo ko ka ɗaure ta jikin turmi, ka ba ta daƙiƙa goma zuwa sha biyar, kada ka taɓa ta. Za ta kawo maka farin layin nan, ta kawo Kaza da 'Ya'yanta, Andiromeda ma zai fito ɗan tabo. Akwai manhajar Stellarium da za ka ɗaga waya sama ta gaya maka sunan abin da kake kallo. Za ka lura sunayen da yawa Larabci ne da bakin Bature ya lanƙwasa: Aldebaran Dabaran ne, Altair kuwa aɗ-Ɗa'ir, wato tsuntsu.

Masu ɗaukar hoton biki, ku kuna zaune kan rabin kayan aikin. Kyamarar da ke ɗaukar amarya ranar Asabar, ita ce za ta ɗauko garke ranar Talata. Abin da ya rage shi ne abin da zai sa ta bi juyawar samaniya, kuma wannan kafintan Gumel zai yi shi kafin la'asar. Katako biyu ne a haɗe da hinji irin na ƙyaure, da noti mai tsawo da ke ɗaga na sama a hankali. Wani mutum mai suna George Haig ne ya bayyana dabarar a 1975. In notin irin mai kaurin milimita 6 ne, wanda ke matsawa milimita ɗaya a kowane juyi, sai a huda masa rami kusan santimita 23 daga hinjin. A saita hinjin ya kalli tauraron arewa, wanda a wurinmu yake ƙasa-ƙasa, kamar dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ɗori daga doron ƙasa in ka miƙe hannunka. A ɗora kyamara a kan katakon sama. Sai yaro ɗaya ya zauna da agogo yana murɗa notin juyi guda a kowane minti. Shi ke nan, kyamara ta kama tafiya tare da taurari, daƙiƙa biyu ta koma minti guda. Masu walda da ke ƙera keken ɗaukar ruwa da injin markaɗe daga tarkace, kada ku ce mini wannan ya gagare ku.

Sai madubin hangen nesa kansa. A 2023 wani kamfani mai suna ZWO ya fitar da wata 'yar na'ura, Seestar S50, bakin gilashinta santimita 5 kacal, nauyinta bai kai na jarkar lita huɗu cike da ruwa ba. Da waya ake sarrafa ta. Ita ke neman garken da kanta, ta bi shi, ta ɗauki hotunan daƙiƙa goma-goma ta jibga su kana kallo yana ƙara fitowa. Kuɗinta da ta fito wajen dala 500 ne. Ban ce arha ce ba. Amma ku je kara a Maigatari ranar Alhamis ku tambayi kuɗin bijimi guda, ku dawo mu yi lissafi. Mutum ashirin in sun yi adashi, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai guda, ko ɗan kasuwa ɗaya cikin masu loda zoɓo da riɗi a tirela, sun isa su ajiye ta a makarantar sakandare ta zama ta gari. Muna haɗa kuɗin rigar 'yan ƙwallo da kofi duk shekara, ba wanda ya ce almubazzaranci ne.

Me za a gani da ita? Da kaka, ban da Andiromeda, akwai garken Tirayangulum kusa da shi, da wani siririn garke ta kudu mai lamba NGC 253, wanda wata mata, Caroline Herschel, ta gano a 1783 da ɗan ƙaramin madubi. 'Yan matanmu na ajin kimiyya, ku riƙe sunan nan. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kore mu daga ɗaki kowa yana kwana a tsakar gida, sai kasuwar ta cika. Ta arewa ga M51, garkuna biyu riƙe da hannun juna. Sama da kai ga taron garkunan Birgo, cikinsu da M87, wanda aka nuna wa duniya hoton baƙin ramin da ke tsakiyarsa a Afrilun 2019, nisansa fiye da shekarun haske miliyan 50. A wannan yankin akwai wani ɗigo mai lamba 3C 273 da ba za ka bambanta shi da ƙaramin tauraro ba, alhali haskensa ya yi shekara kimanin biliyan 2 a hanya. Ƙaramin madubi yana kama shi.

Abokan gabarmu sanannu ne. Na farko wata, kuma a nan mun fi kowa gata, don kalandar mai wannan aiki ita ce kalandar da kowace tsohuwa ke riƙe da ita a ka. Daga 20 ga watan Musulunci wata yana makara bai fito ba sai dare ya yi nisa, har ya ɓace gaba ɗaya. Daga nan zuwa 3 ko 4 ga sabon wata, dare namu ne. Na biyu hazo. In hunturu ya kankama ƙura ta taso daga arewa maso gabas, a naɗe kaya a jira. Don haka zinariyar shekara ita ce tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wato Oktoba da Nuwamba, sai kuma daren da ruwa ya wanke sama da damina. Ƙurar nan ba ta barin gilashi ma: a riƙa rufe shi cikin leda, kuma don Allah kada a goge shi da bakin riga, yashi ne, zai karce. Sauran ƙanana ne. A sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji a cikin kara. A ɗaure wa tocila jar leda, don jan haske ba ya ɓata sabon ido da duhu. Kuma kada wani yaro ya kuskura ya juya madubi ya kalli rana, kallo ɗaya tak zai yi ya makance.

Na san akwai masu cewa, "Mutane na fama da abin kai wa baka, kai kana maganar taurari." Na ji, kuma ba na raina maganar. Amma ku dubi abin da yaro zai koya kafin ya fitar da hoto ɗaya: kusurwa da digiri, lissafin lokaci, batir da sola, sarrafa kwamfuta, da haƙurin maimaita abu sau ɗari uku. Malamin fiziya ya shekara yana zana haske a allo da alli, yara na hamma. Dare ɗaya a fili zai yi masa aikin zango guda. Kuma mu mutane ne da addininmu ya ɗaure mu da samaniya: duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen Ramadan muna fita duban jinjirin wata, labari ya bi ta hakimi zuwa sarki har fadar Sarkin Musulmi. Garin da ke da matasa masu madubi, waɗanda suka san inda wata zai tsaya da tsayinsa, ya fi ƙarfin shaida. Masu tsoron ko duba ne, su kwantar da hankali. Ba a tambayar tauraro wa za ka aura ko yaushe za ka yi arziki. Kallon halitta ne da aunawa, kamar yadda manomi ke duban gajimare.

Kada kuma a ɗauka wasan yara ne da ba ya kai ko'ina. A Yamagata ta ƙasar Japan akwai wani dattijo, Koichi Itagaki, wanda sana'arsa sarrafa gyaɗa da wake ce. Ku ji fa, gyaɗa, abin da aka shimfiɗa layin dogon nan na Kano zuwa Nguru don kwasa, har tasharmu ta samu suna. Da dare sai ya hau tudu ya riƙa ɗaukar hoton garkuna yana gwada na yau da na jiya. Ya gano fashewar taurari fiye da 100. Ranar 19 ga Mayun 2023 shi ya fara ba da labarin wani tauraro da ya fashe a garken M101, manyan cibiyoyin duniya suka juya madubansu suka bi sahunsa. A Rosariyo ta Ajantina, wani mai gyaran makulli, Victor Buso, yana gwada sabuwar kyamara ranar 20 ga Satumban 2016, sai ya kama wani tauraro a daidai sa'ar da ya fara fashewa, abin da ƙwararru suka daɗe suna farauta. Sunansa ya shiga mujallar Nature tare da na furofesoshi. Garkuna sun yi yawa, masana sun yi kaɗan, ba za su iya gadin kowanne ba. Dole sai da 'yan sintiri.

Sama ta taɓa aiko mana da saƙo har gida. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas ya fito. Gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da gidajen tarihi na ƙasashen duniya, an yi ta rubutu a kansa. Ku tambayi ɗaliban ajin ƙarshe goma a yankin nan, ku ji mutum nawa suka taɓa jin sunansa. Haka za mu ci gaba, abu ya faɗo a gonarmu wasu su ba mu labarinsa?

Duhun nan kuma ba zai jira mu ba. Fitilun sola suna ta hawa kan tituna da kasuwanni, kuma alheri ne, mata na zuwa famfo da dare ba fargaba. Roƙona ga masu kafa su, da kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi, ɗaya ne: a sa wa kowace fitila hula, a sunkuyar da kanta ƙasa. Hasken da ya tafi sama bai haska wa kowa hanya ba, bai kori ɓarawo ba, asarar batir ce kawai. In an yi haka tun yanzu, za mu samu wutar kuma mu tsira da daren. Biranen da suka bari sai da samaniyarsu ta zama ruwan toka, yanzu kuɗi suke kashewa suna canza fitilu.

Don haka, malaman kimiyya na sakandare, ku ne kan gaba, kowa ya zaɓo yara biyar, maza da mata. Malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, ku da za ku watsu cikin ƙauyuka kuna koyarwa, ku fara kafa ƙungiyar a wurinku. Mai shagon cajin waya ya ba da aron batir na dare ɗaya. Kafinta ya kawo katako biyu da hinji. Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku, a ba mu fili guda a bayan gari, a sanar da masu sintiri, kada a sake ɗaukar wani mai awon ƙasa. Iyaye mata, ku bar 'yan matan su zo tare da yayyensu ko malamarsu, a fara da wuri a tashi da wuri. A Nuwamba Andiromeda yana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe tara zuwa goma, ba sai an kai tsakar dare ba. 'Yan uwanmu da ke aiki a Dutse da Kano da Abuja da ƙasashen waje, masu tambayar me za ku yi wa gida, ga abu nan mai shiga jakar hannu.

Mu sa rana. Daren 27 ga watan Musulunci da zai fara zuwa bayan an gama girbi, bayan sallar isha'i, a filin makarantar firamare mafi nisa da fitilu a kowane gari: Gagarawa, Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar. A zo da tabarma, da rigar sanyi, da butar shayi, da duk abin da ke ɗaukar hoto. Wanda ya fitar da wani abu, ko tabo ne kamar yanar idon Baba, ya rubuta a ƙarƙashinsa sunan garin, da kwanan wata, da adadin hotunan da ya jibga, ya tura wa sauran garuruwa uku su yi ƙoƙarin fin shi a wata mai zuwa.

Baban nan mai sintiri ya riga ya ba ni saƙo. Ya ce in an tashi a aika masa yaro, zai zo da jikokinsa biyu, kuma shi zai tsaya a bakin fili da gorarsa, duk wanda ya kunna tocila su haɗu.